Kwana nawa ke nan? Jagorar gwaji da magani da rigakafin cututtukan da ake ɗauka ta saduwa

Wanda ya je asibiti da zargin ya kwaso cuta ta hanyar kwanciya yakan shirya bayanin ƙaiƙayi da zafin fitsari, sai ya ji ma'aikacin lafiya ya tare shi da wata tambaya daban: "Yaushe abin ya faru?" Ba tsegumi ba ne. Kusan komai a wannan fage yana da lokacinsa. Akwai maganin da ba ya amfani bayan awa 72. Akwai gwajin da in an yi shi da wuri zai ce lafiya lau, alhali ƙwayar tana ciki. Akwai gyambon da ke warkewa da kansa, mai shi ya yi hamdala, cutar kuwa ta nutse cikin jini. Shi ya sa na jera matakan nan bisa kwanaki.

Mu fara warware wani ƙulli na harshe. Mun saba tattara komai mu ce ciwon sanyi, kamar cuta ɗaya ce mai magani ɗaya. Ƙwayoyin da ake ɗauka ta saduwa sun haura iri 30, takwas daga ciki su ne suka fi addabar mutane. Huɗu ana warkewa daga gare su sarai: gonoriya, kalamidiya, tunjere da tirikomonas. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 an samu sabbin kamu miliyan 374 na waɗannan huɗun a tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 49, wato sama da miliyan ɗaya kowace rana. Sauran huɗun ƙwayoyin bairus ne: HIV, ciwon hanta nau'in B, hapis mai fitar da ƙurajen ruwa, da HPV mai kawo sankarar bakin mahaifa. Maganin da ke kashe gonoriya ba ya taɓa hapis, na tirikomonas kuma ba ruwansa da tunjere. Wanda ya ce maka yana da haɗi guda da ke wanke su gaba ɗaya, aljihunka yake son wankewa.

Mataki na farko: awa 72

Idan an sadu ba kariya da wanda ba ka san matsayinsa ba, ko kwaroron roba ya fashe, ko an yi wa mutum fyaɗe, abu mafi gaggawa shi ne maganin kariya daga HIV da ake kira PEP. Ƙwayoyi ne da ake sha kullum na kwana 28. Dole a fara su cikin awa 72, kuma wanda ya fara a ranar farko ya fi wanda ya fara a ta uku samun kariya. Kada ka tsaya jiran alama, babu alamar HIV da za ta fito a wannan tsakanin. Je asibiti ka faɗi ranar da sa'ar. Za a yi maka gwajin HIV nan take, don a san ko kana da ita tun da, domin sakamakon abin da ya faru jiya ba zai nuna yau ba.

A wannan zuwan ne kuma ake tambayar allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B ga wanda bai taɓa yi ba. Mace tana iya neman maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa, wanda shi ma saurin shansa shi ne ƙarfinsa. Wadda aka yi wa fyaɗe akan ba ta maganin gonoriya da kalamidiya da tirikomonas tun kafin gwaji.

Fitsari bayan saduwa ko wanka da sabulu ba sa hana kamuwa. Ɗura ruwa ko wani abin wanki a cikin farji ma illa yake yi, yana kashe ƙwayoyin da ke tsare wurin. Haɗiye kafso biyu na maganin ƙwayoyin cuta da aka tsinta a gida kuwa ya fi duka muni, kuma za mu zo kansa.

Mataki na biyu: duba jikinka, amma kada ka yarda da shi

Namijin da ya kamu da gonoriya yakan gani cikin kwana biyu zuwa mako biyu: mugunya fara ko ruwan ɗorawa daga bakin mafitsara, tabo a wando da safe, fitsari kamar ana watsa barkono. Wannan shi ne mai sa'a, domin zafin zai kora shi asibiti. Kalamidiya ba ta cika yin ƙara haka ba. Yawancin matan da ke ɗauke da ita ba su jin komai, maza da yawa ma haka. Tana nan shiru tana hawa daga bakin mahaifa zuwa bututun ƙwai, ta bar tabo. Sai bayan shekaru, ana neman haihuwa ba a samu ba, ko ciki ya zauna a bututu maimakon mahaifa, sannan a gano ɓarnar da ta yi.

Tunjere ita ce gwanar yaudara. Kimanin mako uku bayan kamuwa, wani lokaci kwana 10, wani lokaci har 90, sai gyambo ɗaya ya fito a inda ƙwayar ta shiga. Zagayayye ne, tsaf da shi, gefensa da tauri in ka taɓa, kuma ba ya zafi ko kaɗan. In a cikin farji ne ko dubura ko baki, mai shi ba zai ma gan shi ba. Cikin mako uku zuwa shida ya bushe da kansa, ko an shafa wani abu ko ba a shafa ba, abin da aka shafa kuma ya sha yabon da bai cancanta ba. Bayan makonni ko watanni sai ƙuraje marasa ƙaiƙayi su bayyana, sau da yawa a tafin hannu da tafin ƙafa, da ɗan zazzaɓi. Su ma su ɓace. Daga nan cutar tana iya yin shekaru ba motsi, sannan ta dawo wa wasu ta zuciya ko ƙwaƙwalwa ko ido. Duk gyambon al'aura da ya warke ba a yi gwajin jini ba, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

Ga mata, ba kowane ruwa ko ƙaiƙayi ba ne daga saduwa. Farin ruwa mai guda-guda da ƙaiƙayi yawanci kandida ce, wadda budurwa ma tana samu, musamman bayan shan maganin ƙwayoyin cuta. Ruwa mai ƙarni kuma sau da yawa rikicewar ƙwayoyin farji ne kawai. Sai dai maganar cewa a bandaki aka ɗauko gonoriya ko tunjere ba ta da tushe, waɗannan ƙwayoyi ba sa daɗewa da rai a wajen jikin mutum.

Alamun da ba a kwana da su: ciwon mara mai tsanani da zazzaɓi, ciwon gefe guda na mara bayan ɓatan wata, da kumburin maraina mai zafi. Waɗannan na asibiti ne a ranar.

Mataki na uku: gwaji, kowanne a lokacinsa

Mai alama ya je yau. Wanda ba shi da alama shi ne zai ƙirga kwanaki.

Gonoriya da kalamidiya: bayan kamar mako biyu. Namiji fitsari yake bayarwa, kuma a nan mutane ke kuskure. Farkon fitsarin ake so, wanda ya wanko bututun, ba na tsakiya ba kamar a sauran gwaje-gwaje, kuma a yi aƙalla awa ɗaya ba a yi fitsari ba kafin nan. Mace da tsinken auduga ake ɗaukar samfur daga farji, a wurare da dama ita da kanta take ɗauka. Idan saduwar ta shafi baki ko dubura, faɗa. Fitsari ba zai nuna gonoriyar da ke zaune a maƙogwaro ba. Na san kunya tana da nauyi a nan, amma likita ba ya duba wurin da ba a ambata masa ba.

HIV ta danganta da irin gwajin. Na ɗakin bincike da ke neman ƙwayar da martanin jiki tare yana kama ta tsakanin kwana 18 zuwa 45. Na ɗigon jinin yatsa ko na gogen dasashi yana iya kai kwana 90 kafin ya tabbata. Don haka sakamako mai kyau a mako na biyu bai rufe magana ba, sai an maimaita a wata na uku. Tunjere ma gwajin jini ne, a yi wajen mako shida, a sake a wata uku in akwai shakka.

Gwajin tunjere yana da wani abu da ke tada hankali ba gaira. Irin na gaggawa yakan ci gaba da nuna akwai har ƙarshen rayuwa ga wanda ya taɓa yin cutar, ko da ya warke. Wani gwajin, RPR, shi ke nuna ko tana raye, ta hanyar adadin da ke sauka bayan magani. Adana takardar sakamakonka, za ta yi maka shaida nan gaba.

Af, sai batun stafilokokus. Mutane da yawa an nuna musu wannan sunan a takarda an ce shi ne sanyinsu, sun yi shekaru suna kashe kuɗi a kansa. Ƙwaya ce da ke zaune a fata da hancin ɗimbin mutane masu ƙoshin lafiya, tana shiga samfur cikin sauƙi in ba a ɗauka da kyau ba, kuma ba ta cikin jerin cututtukan saduwa. Wanda aka ba wannan amsar kaɗai, mai yiwuwa ba a gwada shi gonoriya da kalamidiya ba.

Inda babu ɗakin gwaji, ma'aikatan lafiya suna bin tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi: a duba alamar, a ba da maganin duk ƙwayoyin da suka saba kawo ta. Mai mugunya sai a ba shi na gonoriya da kalamidiya a haɗe. Hanya ce mai kyau ga mai alama, amma ba ta ganin marar alama, kuma su ne mafi yawa.

Mataki na huɗu: magani, har ƙwaya ta ƙarshe

Na kawo sunayen ne don ka gane abin da aka rubuta maka, ba don ka rubuta wa kanka ba. Gonoriya allura ɗaya ce ta seftiriyazon, miligiram 500 a ƙa'idar Amurka, giram ɗaya a ta Ingila. Kalamidiya doksisaikilin ce, miligiram 100 safe da yamma, kwana bakwai. A sha da ruwa cike da kofi, kada a kwanta nan take don tana ƙona maƙogwaro, kuma kada a haɗa ta lokaci guda da maganin ƙarin jini. Mai ciki ba a ba ta ita, azitiromaisin ake ba ta. Tirikomonas metironidazol ce, mata kwana bakwai. Tunjere allurar benzatin fenisilin ce, sau ɗaya in sabuwa ce, sau uku mako-mako in ta daɗe ko ba a san lokacinta ba. Tun 1943 ake kashe tunjere da fenisilin, har yau ba ta bijire masa ba. Wasu sukan yi zazzaɓi da ciwon jiki cikin awa 24 bayan allurar. Martanin jiki ne ga ƙwayoyin da ke mutuwa, yana wucewa, amma mai ciki ta sanar da asibiti.

Gonoriya labarinta daban. Ta gagari salfa, ta gagari fenisilin, ta gagari tetirasaikilin, ta gagari sifirofuloksasin, wanda har yanzu wasu ke haɗiya da sunan maganin sanyi. A 2018 an samu wani mutum a Ingila da gonoriyar da ta ƙi jin seftiriyazon da azitiromaisin duka biyu, sai da aka kai ga wani maganin da ake ɗurawa ta jijiya. Rabin magani shi ke horar da ƙwaya. Kafso biyun nan suna rage mugunyar, su kashe masu rauni, su bar masu taurin kai, ga shi kuma sun dagula gwajin da za a yi daga baya. In alamun ba su lafa ba bayan kwanaki kaɗan da magani, koma inda aka ba ka.

Hapis ba a fitar da ita daga jiki, amma asaikulobiya tana taƙaita tashinta, musamman in an fara sha da jin tsikarin farko. HIV da ciwon hanta nau'in B suna da magungunan da ke danne su, mutum ya yi rayuwarsa da aikinsa.

Mataki na biyar: ɗayan mutumin

Nan ne yawancin magani ke rushewa. Mutum ya sha allura, ya warke, ya koma shimfiɗar da ƙwayar ke jiransa. Bayan wata guda ya dawo yana cewa maganin jabu ne. Tufka da warwara ke nan. Ƙa'idar ita ce duk wanda aka sadu da shi cikin kwana 60 kafin a gano gonoriya ko kalamidiya a ba shi magani, ko yana jin wani abu ko ba ya ji. Ga tunjere ana komawa baya wata uku zuwa shekara, gwargwadon matakin da ta kai. Sannan a ƙaurace wa saduwa kwana bakwai bayan allura, ko har a gama maganin kwana bakwai, kuma a ƙirga daga ranar wanda ya yi magani a ƙarshe.

Faɗar ita ce wuya. Abin da na ga ya fi aiki shi ne gajeriyar magana, a keɓe, da rana tsaka ba a kan gado ba, a fara da kai. Misali mace ta ce: "Maigida, na je asibiti, sun samu wata ƙwayar cuta da ake ɗauka tsakanin miji da mata. Sun ba ni magani, sun ce in ba mu sha tare ba za ta dawo. Ga takardar, sun ce ka zo ko da ba ka jin komai." Ba ta ce wa ya kawo ba, kuma da gangan ne. Gwaji ba ya rubuta ranar kamuwa. Kalamidiya da tirikomonas suna iya yin watanni a ɓoye, hapis da HPV da HIV shekaru. Wani lokaci cin amana ne, ba a musu, amma takardar asibiti kaɗai ba ta isa hujjar yanke hukunci ba, kuma muhawarar tana iya jira har a gama shan magani.

Namijin da aka yi wa magani ya ɓoye wa matarsa, ko ya miƙa mata ƙwayoyi ya ce na zazzaɓi ne, ya sani cewa bututun ƙwanta yake caca da shi. Wadda kuma take tsoron duka ko kora in ta yi magana, ta gaya wa ma'aikaciyar lafiya tun farko. Asibitoci da yawa suna iya kiran abokin zama da kansu ba tare da ambaton wanda ya ba da sunansa ba.

Mataki na shida: wata uku

A sake gwajin gonoriya ko kalamidiya, mata har da tirikomonas, bayan wata uku, saboda sake kamuwa ya yi yawa. Lokacin ya zo daidai da gwajin HIV na tabbatarwa, sai a haɗa su a zuwa ɗaya. Sa ranar a wayarka tun yau.

Mataki na bakwai: toshe ƙofa

Mutum biyu da suka yi gwaji tare, suka tsaya wa juna, sun fi kowa tsira. Sharaɗin shi ne duka biyun, da gwajin.

Kwaroron roba yana aiki sosai in an iya shi. Duba ranar lalacewarsa. Yaga ledar daga gefe da yatsu, ba da haƙori ba. Matse kan don iska ta fita, sannan a warware shi har tushe kafin a taɓa juna, ba ana dab da gamawa ba. In an ɗora shi a juye, jefar da shi a ɗauki sabo. Man shafawa da basilin suna cinye robar cikin ɗan lokaci, sai mai santsi na ruwa. Bayan an gama a riƙe tushen a fita tun gaba bai kwanta ba. Yana tare cututtukan da ke bin ruwan jiki da kyau, wato HIV da gonoriya da kalamidiya. Hapis da HPV da tunjere kuwa fata da fata suke bi, don haka yana rage su ne kawai, inda bai rufe ba a buɗe yake.

Alluran rigakafi biyu ne, kuma ina ganin su ne abin da aka fi sakaci da shi. Ta HPV an fi so a yi wa yara mata 'yan shekara 9 zuwa 14, tun kafin su haɗu da ƙwayar, kuma tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda allura ɗaya tana iya wadatarwa a wannan shekarun. Nau'i biyu kacal na HPV, 16 da 18, su ke kawo kusan kashi 70 cikin ɗari na sankarar bakin mahaifa, cutar da ta kashe mata kimanin 350,000 a 2022. Babbar mace, ko ta yi allurar ko ba ta yi ba, ta riƙa zuwa gwajin bakin mahaifa daga shekara 30. Ta biyu ita ce ta ciwon hanta nau'in B, wanda mutum miliyan 254 ke ɗauke da shi a 2022.

Ga HIV, fagen ya sauya ƙwarai. Wanda ke cikin haɗari a kai a kai yana iya shan PrEP kullum, wato maganin kariya da ake sha tun kafin haɗuwa da ƙwayar, kuma a 2025 an amince da lenakafabir, allurar da ake yi sau biyu a shekara. Bincike uku da aka yi a Afirka ta Kudu da Kenya da Uganda ya nuna kaciyar maza tana rage musu haɗarin ɗauka daga mace da kusan kashi 60 cikin ɗari. Mai HIV da ke shan maganinsa har gwaji ya daina ganin ƙwayar a jininsa ba ya sa wa abokin zamansa ta saduwa. Amma PrEP HIV kaɗai take tarewa, gonoriya da tunjere ba su san da zamanta ba.

In akwai ciki

Duk abin da na faɗa a sama, mai ciki ta ninka gaggawarsa. Tunjere tana dawowa a duniya: sabbin kamu miliyan 8 a 2022, da jarirai kimanin 700,000 da cutar ta shafa tun suna ciki. Ba matsalar ƙasashe matalauta kaɗai ba ce, a Amurka an haifi jarirai sama da 3,700 da ita a 2022, fiye da ninki goma na 2012. Tana kawo ɓari, haihuwar gawa, da jariri mai lalurar ƙashi ko ƙwaƙwalwa. Abin takaici, ɗigon jini ɗaya da allurar fenisilin mai araha sun isa su hana. Kyuba ta nuna haka a 2015, lokacin da ta zama ƙasa ta farko da aka tabbatar ta kawar da yaɗuwar HIV da tunjere daga uwa zuwa ɗa.

A awon ciki na farko, tambayi gwaji uku da sunansu: HIV, tunjere, ciwon hanta nau'in B. Kada ki ɗauka an yi don kawai an ɗebi jini. In an samu tunjere, a yi allurar a ranar, domin ana so ta riga haihuwa da aƙalla kwana 30, kuma a yi wa mijin. Jariri ya samu rigakafin hanta cikin awa 24 da haihuwa. Sannan a sa ido a kan idonsa a makon farko: fatar ido da ta kumbura tana zubar da mugunya mai kauri tsakanin kwana biyu zuwa biyar tana iya zama gonoriyar da ya kwasa a hanyar fitowa, kuma tana iya huda ƙwayar idon cikin kwanaki kaɗan. A kai shi asibiti a ranar, uwa da uba su ma a duba su.